Bishara ta koma cikin salula: yadda wa'azin Kirista ke bin hanyoyin kasuwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ɗan Isa ko ta Jibiya, ko ya yi jiran mota a tashar Maraɗi, ya san rumfar mai caji. Tebur ne guda da wayoyin lantarki suka yi wa saƙar gizo, ƙaramin janareta na kuka a baya, salula jere kowace da lambarta a manne. A gefe akwai yaro da kwamfuta wanda sana'arsa ita ce tura wa mutane kaya cikin memori: tafsirin azumi, fina-finan Kano, Indiya-Hausa, kokowar takobi ta bara, waƙoƙin biki. A wasu rumfunan, idan ka matsa kusa ka duba, za ka tarar da wata jaka a can ƙasa mai ɗauke da waƙoƙin coci, da karatun Littafi Mai Tsarki, da fim ɗin Yesu da Hausa. Ba kowa ke tambayarta ba, amma akwai masu tambaya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne tambayar da masu saurare suka sha yi mana a gidan rediyo, galibinsu ƴan kasuwa. Wani ya buɗe YouTube don ya ji ƙissar Annabi Isa (AS), sai ga hoton bidiyon Kirista a sama. Wani yana duba Facebook, sai ga tallar da ke tambayarsa da Hausa ko yana cikin damuwa, yana son a yi masa addu'a. Shin an shiga wayarsa ne? Wa ya ba su lambarsa? Amsar a taƙaice ita ce ba a shiga wayar kowa ba, kuma babu tsafi a ciki. Ciniki ne, mai dillalai da farashi da lissafi, irin wanda ɗan kasuwa zai fi kowa saurin ganewa idan aka warware masa shi.

Daga takarda zuwa iska

Masu wa'azin bishara sun daɗe suna riga mutane kama sabuwar na'ura. Idan aka koma baya, wani yaro mai suna Dorugu, ɗan yankin Kance a ƙasar Damagaram, wanda Baturen nan mai yawon bincike Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, shi ne ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön yana koya masa Hausa, har aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da likita Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Ƴan mishan na SIM kuwa sun shigo Damagaram a 1924, suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya suka buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda har yau ƴan Nijar da ƴan Najeriya ke zuwa neman magani.

To amma takarda sai mai karatu, kuma masu karatun boko ba su da yawa a lokacin. Shi ya sa aka koma ga murya. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, ana ɗaukar shirin Hausa a Jos ana aika masa. A 1963 aka buɗe wata babbar tasha a Adis Ababa, wadda Hausawa suka sani da Muryar Bishara, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta a 1977. Yaƙin basasar Laberiya ya rusa ELWA a 1990. A 2008 kuma tashar TWR ta kafa na'urarta kusa da Paraku a ƙasar Benin, tana watsa shirye-shirye da harsuna da dama, har da Hausa. Dattawanmu suna tune da garmaho na kwali da ake juya faifansa da hannu, sai kaset, sai majigi. Fim ɗin Yesu da aka yi a 1979 bisa Bisharar Luka, wanda a yau aka fassara shi cikin harsuna sama da 2,000, da farin ƙyalle da janareta aka riƙa kai shi ƙauyuka.

A duk waɗannan hanyoyi akwai abu ɗaya da bai sauya ba: ana ganin mai kawo saƙon. Mai majigi sai ya je wurin mai gari ya nemi izini, a ba shi fili ko a hana shi. Rediyo kuwa yana da sa'arsa da lambarsa, wanda ba ya so sai ya juya akwatinsa. Wannan shi ne abin da salula ta zo ta canza.

Gwanjon kalmomi

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da mutum ya rubuta kalma a Google, kafin sakamako ya fito, ana yin wani gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu talla da suka riga suka yi rajistar wannan kalma. Wanda ya yi nasara, shafinsa ne ke fitowa a sama, da ƙaramin rubutu a gefe, Sponsorisé idan wayar na Faransanci ce, Sponsored idan na Turanci. Mai tallar ba ya biyan komai sai an latsa. Mai sayar da babura yana sayen kalmar babur. Ƙungiyar bishara kuwa tana sayen kalmomi irin su addu'a, mafarki, gafara, tsoron mutuwa, kwanciyar rai, ko tambayar wane ne Isa. Dabarar ita ce a tare mutum a daidai lokacin da shi da kansa ya fito da abin da ke damunsa, kamar mai shayin da ya san inda direbobi ke sauka da asuba ya kafa teburinsa a nan.

Akwai manyan ƙungiyoyi da wannan ne kaɗai aikinsu. Global Media Outreach, wadda wani tsohon ma'aikacin kamfanin Apple mai suna Walt Wilson ya kafa a Amurka a 2004, tana cikin na farko. A ɓangaren Faransanci akwai shafin ConnaitreDieu da aka buɗe a 2005. Ƙungiyar Billy Graham ma ta buɗe nata reshen na intanet a 2011. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin Google yana da tsari tun 2003 na bai wa ƙungiyoyin da ba na neman riba ba tallar kyauta da ta kai dala 10,000 ta Amurka a kowane wata, idan sun cika sharuɗɗa. Tsarin ba na addini ɗaya ba ne, sai dai wanda ya san ƙofar shi ke shiga, kuma waɗannan ƙungiyoyi sun san ta da wuri.

A Facebook da Instagram lissafin ya ɗan bambanta. A can ba kalma ake saye ba, mutane ake zaɓa: mazauna gari kaza, masu shekaru kaza zuwa kaza, masu jin harshe kaza. Tun watan Janairun 2022 kamfanin Meta ya cire damar zaɓen mutane kai tsaye bisa addininsu, amma wanda ya ce a nuna tallarsa ga masu jin Hausa a tsakanin Ƙonni da Magarya ya san sarai su wa yake nufi. Idan ka tsaya ka kalli bidiyon na ɗan lokaci, na'urar ta rubuta cewa kana da sha'awa, gobe sai ta ƙaro maka irinsa. Wannan shi ne sirrin abin da masu saurarenmu ke kira bibiya. Ba mutum ba ne ke bin ka, lissafi ne, kuma lissafin da ke kawo maka tallar atamfa bayan ka duba atamfa shi ne dai wannan.

Mataki na gaba shi ne maɓallin da ke cewa a latsa a yi magana ta WhatsApp. A nan ne ake barin na'ura a koma ga mutum. Akwai masu aikin sa kai da aka horar, wasu a nan yankin, wasu a wata ƙasa mai nisa, da ke amsa tambayoyi, su aiko da aya ko bidiyo, in hira ta yi nisa su haɗa mutum da wata majami'a da ke kusa da shi. Sai dai mai latsawa ya sani cewa daga wannan lokaci lambarsa ta fita hannunsa.

Yesu ko Isa?

A nan ne harshe ke shigowa, kuma mu da aikinmu magana ce, wannan ɓangare ya fi ɗaukar hankalinmu. Kiristan Hausa yana cewa Yesu Almasihu, Musulmi yana cewa Annabi Isa ɗan Maryamu. Wancan yana cewa Littafi Mai Tsarki, wannan yana cewa Attaura da Zabura da Linjila. Injin bincike kuwa ba ya sanin zuciyar mai tambaya, kalmarsa kawai yake gani. Saboda haka duk wanda ke son saƙonsa ya isa ga Musulmi dole ya sa wa bidiyonsa suna da kalmomin Musulmi, in ba haka ba ƴan cocinsu kaɗai za su same shi. Shi ya sa za ka ga ƙissoshin Annabi Ibrahim, Annabi Yusufu, Annabi Musa an shirya su da murya mai daɗi da salon da kunnen Bahaushe ya saba da shi, sai an yi nisa mai saurare ya gane daga wane ɓangare aka fito.

Masu yin haka suna da hujjarsu: su ma waɗannan annabawa suna cikin littafinsu, kuma kalmomin Hausa ba mallakar kowa ba ne. Gaskiya ne. Amma a ganinmu akwai bambanci tsakanin yi wa mutum magana da harshen da yake ji da ɓoye masa wanda ke magana. A kasuwa, mai gaskiya yana buɗe bakin buhu. Shafin da ya rubuta sunan cocinsa ko ƙungiyarsa a fili, ko da mutum bai yarda da saƙonsa ba, ya ba shi haƙƙinsa na zaɓi. Wanda ya ɓoye kuwa, ran da aka gano shi, ba shi kaɗai ake zargi ba, har da faston unguwa da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wata matsalar ita ce ta Hausar kanta. Tun da Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, sai ga shi yanzu an samu muryoyin kwamfuta masu karanta rubutu, an samu ambaliyar bidiyon da babu Bahaushe ko ɗaya da ya saurare su kafin a sake su. Na'ura ba ta rarrabe baƙi da baki idan an rubuta babu lanƙwasa, ba ta san inda murya ke hawa da sauka ba. A tallar sabulu wannan abin dariya ne. A maganar Allah da annabawa, kuskuren harafi ɗaya na iya zama abin da ba a fata.

Memori ya fi intanet tafiya

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan harka a kan layi take. A yankinmu kuɗin data yana da tsada, layi yana zuwa yana ɗaukewa, ga shi da yawa daga cikin mutanenmu ba su yi lakwal ba. Abin da ya fi yawo shi ne abin da aka riga aka sauko da shi sau ɗaya, sa'annan ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, babu ko dala. Manhajar YouVersion, da wata coci a jihar Oklahoma ta Amurka ta fitar a 2008, wadda aka sauke sama da sau miliyan 500 zuwa 2021, tana da Littafi Mai Tsarki da Hausa. Manhajar Bible.is ta ƙungiyar Faith Comes By Hearing kuwa ta karatu da murya ce, kuma ƙungiyar tana raba wani akwati mai aiki da hasken rana wanda ake kunnawa jama'a su zauna su saurara. Amma fitar waɗannan kaya daga birni zuwa ƙauye, direban mota ne da ɗan acaɓa da yaron rumfar caji ke yin ta.

A nan ya kamata a faɗi abin da sau da yawa ake mantawa. Mafi yawan masu amfani da waɗannan kaya Kiristoci ne tun asali. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a warwatse suke, wani ƙauyen gida biyu ne ko uku, fasto sai wata-wata. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba yanzu tana jin littafinta da harshenta tana tsinkar zogale. Mai sayar da kayan gyaran mota da ya zo daga kudancin Najeriya, da direban tirela ɗan Benin ko Togo da ya kwana uku a bakin duwan, a waya suke yin sujadarsu ta Lahadi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, iyalai da yawa da ke tsallakawa coci a ɗaya ɓangaren da wannan suka rage zafi.

Kuma ba su kaɗai ke bin hanyar ba. Karatun marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, har gobe yana cikin abin da aka fi turawa a rumfunan nan. Malaman Izala da na ɗariƙa duk suna da shafukansu da masu yanka musu bidiyo. Hanya ɗaya ce, kowa da kayansa.

Wanda ke biyan kuɗin fasa

Inda muke da damuwa shi ne nisan da ke tsakanin mai aika saƙo da inda saƙon ke sauka. Ƙungiyar da ke Amurka ko Turai tana ƙidaya nasararta da yawan waɗanda suka latsa, ta rubuta wa masu ba ta gudummawa rahoto. Ba ta san cewa wayar da aka latsa ɗin ta gida ce ba, wadda miji da mata da ƙane duk ke amfani da ita, ko kuma an bar ta a wurin mai caji babu makulli. Saurayin da ya yi tambaya don son sani kawai yana iya wayar gari ana yi masa taron dangi. Fim ɗin da ake gani abin alheri ne a can, a nan yana nuna fuskar wani annabi, abin da Musulmi ba su yarda da shi ba ko kaɗan. Wanda ya kalla a ɗakinsa shi ya so. Wanda ya jefa shi cikin zauren WhatsApp na ƴan kasuwar albasa ya tsokano abin da ba zai iya kashewa ba.

Idan ba a manta ba, mun ga yadda abin da aka yi a nesa ke ƙone gidan maƙwabci. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faris, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutane goma suka rasa rayukansu, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. A watan Yunin 2019 an ƙona wata majami'a a nan Maraɗi bayan kama wani limami. A Sakkwato, a watan Mayun 2022, an kashe wata ɗaliba Kirista bayan an zarge ta da ɓatanci cikin saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu. A jihar Bauci wata ma'aikaciyar lafiya ta shafe kusan shekara ɗaya da rabi a tsare saboda wani bidiyo da ta tura kan wannan kisa, sai a Disamban 2024 kotu ta wanke ta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru saboda tallar bishara a intanet, kuma babu abin da ke halatta ƙone-ƙone da kisa. Mun kawo su ne don a ga irin busasshiyar ciyawar da saƙonnin ke faɗawa a kai. Kowace tarzoma kuwa, ɗan kasuwa ne ke fara rufe shago, shi ne kayansa ke ruɓewa a mota.

Akwai kuma doka. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a ta hanyar na'ura. Najeriya na da tata tun 2015, ga kuma dokokin shari'a a jihohin da muke iyaka da su. Ɗan kasuwar da ke kwana a Maraɗi ya yi azahar a Katsina, wayarsa na ƙarƙashin doka biyu a yini guda. Cewa turo mini aka yi ni ma na tura ba ta cika fid da mutum ba.

Sai ƴan damfara, waɗanda ba su da addini sai aljihu. Sun lura cewa tallar addu'a tana jawo masu damuwa, sai suka kwaikwaye ta. Za a fara da tambayar matsalarka, a yi maka addu'a ta murya, kwana biyu a ce ka aiko da kuɗin mai na shafawa, ko kuɗin rajistar tallafin jari daga wata coci ta Turai. Mun ji koken waɗanda aka yi wa haka, Kirista da Musulmi, kamar yadda muka sha jin na waɗanda malaman tsibbu na waya suka wanke. Alamar ɗaya ce: da zarar addu'a ta zo da lambar tura kuɗi, ciniki ya sauya.

A gidan rediyo, idan coci ko masallaci ya sayi fili, muna sanar da sunan mai shirin kafin ya fara da bayan ya gama, muna sauraren abin da aka ɗauka kafin ya hau iska, kuma akwai hukumar da za ta kira mu idan an yi ɓaranɓarama. Mai ƙorafi ya san ƙofar da zai buga. A salula babu wannan ƙofa, sai wadda mutum ya yi wa kansa: ya duba ko an rubuta talla ce, ya shiga shafin ya ga sunan masu shi da ƙasar da suke, ya latsa ɗigo ukun nan da ke gefe ya ce kada a sake nuna masa idan ba ya so. Fastocin da suka san gari kuwa, waɗanda suka yi shekaru suna zuwa suna da jana'izar maƙwabtansu Musulmi, su ya kamata masu aiko da kaya daga waje su riƙa tambaya kafin su saki talla a kan garinsu, ba bayan ta fita ba.

Yaran rumfar caji sun riga kowa gano bakin zaren. Ba sa zuba wa mutum memori da ka. Sai sun dubi fuskarsa, sun tambaye shi abin da yake so, na coci a jakarsa, na tafsiri a jakarsa, kowanne farashinsa ɗaya. Wanda ya yi kuskure ya haɗa wa Alhaji waƙar zumuntar mata cikin karatun azumi, ya san gobe Alhaji zai dawo, kuma ya san rumfar da zai tsaya.